Baiti na Goma Sha Biyu

Ina cikin ɗaure igiyar takalmina zan fita aikin rana sai na ji bugu uku a bangon da ya raba gidana da na Hester Garside. Da sandarta take bugawa. Bugu uku na nufin in leƙo, biyar kuwa na gaggawa ne.

Na same ta a kujerarta ta bakin taga, bututun iska a hanci, barguna biyu a gwiwa. Nas ɗin da ke zuwa da safe ta tafi, ta bar mata shayi a kan tebur har ya huce.

"Ka ga direba," in ji ta. "Da hula da komai. Zauna, ba zan makarar da motarka ba."

"Minti goma nake da shi, Hester."

"Ni ma kusan hakan ne ya rage min. Zauna."

Na zauna a bakin gadon da aka sauko mata da shi falo tun da hawa bene ya gagare ta. Ta ce likita ya zo jiya, ya saurari huhunta, ya yi ta kallon takalminsa. Da ta matsa masa, ya ce ba lallai ta ga watan Yuli ba. A ranar muna tsakiyar watan Mayu.

"Ka kira min Keeley," ta ce. "Ka ce mata ta zo ta karɓi waƙar. Ta san wadda nake nufi."

Keeley 'yata ce, ita kaɗai gare ni. Shekararta ashirin da uku, tana Leeds tana koyon aikin jinya. Uwarta ta rasu tana da shekara tara, ni kuma bas nake tuƙawa tsakanin garinmu Rawden da Halifax, ba na dawowa sai yamma. Saboda haka a gidan Hester ta yi wayo. Can take cin burodi da miyar wake in ta taso makaranta, can ta koyi riƙe jita, can ta gano cewa tana da murya. Anti Hester take kiranta, ko da yake ba mu haɗa jini ba.

Yaran yanzu ba su san Hester ba, amma akwai lokacin da ake jin ta a rediyo kusan kullum. Tana 'yar shekara goma sha shida ta fara waƙa a mashaya, waƙoƙin gargajiya na masaƙa da makiyaya, daga baya ta koma rubuta nata. Ta yi faifai goma sha ɗaya. Ta je Bamako ta zauna wata shida tana kiɗa da mutanen can, ta je Bulgeriya ta koyi yadda matansu ke buɗe maƙogwaro, ta je Brazil. Hotunan na nan jere a bangon falonta, ita doguwa da gashi har baya, a tsakiyar mutanen da ban san sunan ko ɗayansu ba. Ta dawo da ganguna da wani abin kiɗa mai tsirkiya ashirin da wani abu, wanda ya cinye rabin ɗakin. Abin da ba ta dawo da shi ba shi ne miji, ko ɗa, ko abin da za ta ɗumama gida da shi. Da sanyi, a cikin rigar sanyinta ta fita take kwana. Na taɓa ganin faifanta a shagon gwanjo cikin kwali ɗaya da tsofaffin cokula.

Waƙar da take nufi ba ta cikin kowane faifai. Daga bakin kakarta ta karɓe ta, kakar ma daga bakin uwarta. Shekara ɗari da wani abu da suka wuce, madatsar ruwan da ke saman gari ta ɓalle da rana tsaka, ruwa ya shiga masaƙa ya ci mata goma sha bakwai a bakin aikinsu. Waƙar baiti goma sha bakwai ce, kowane baiti mace ɗaya: sunanta, layin da take zaune, da abin da ta bari a gida. Kakar ta ce ba a rubuta ta, baki ke ba kunne. Wani kamfani ya taɓa cewa zai ɗauka in ta yarda a rage ta zuwa baiti huɗu. Hester ta ce su zaɓo mata matan da za a sake nutsarwa, ta ɗauki jakarta ta fito.

Duk Lahadi da rana ana taruwa a ɗakin sama na mashayar Baƙin Rago, a yi da'ira, kowa ya rera tasa bi da bi, ba kiɗa. Akwai doka a ɗakin nan da ba wanda ya rubuta: waƙar da aka san mutum da ita tasa ce, ba mai rera ta muddin yana raye, ba ma mai koyon ta sai ya ba ka da bakinsa. Naka amshi ne kawai. Shekara arba'in Hester na rera waƙar matan masaƙa a ɗakin nan, mutane na amsawa:

"Ruwa ya sauko, ƙararrawa ba ta kaɗa ba,
Ku kira sunanta, ku kira ta gida."

Wannan kowa ya sani, har ni da ba na waƙa.

"Jarrabawarta ta ƙarshe saura sati uku," na ce mata.

"Na sani. Kwana huɗu kawai nake so. Yarinyar nan kunnenta kamar tarko ne."

"Me zai hana ki rera a waya? Ga tawa, yanzu sai in ɗauka."

"Ba na ba wa inji. Mutum nake ba wa." Ta yi tari, ta jira ya lafa. "Za ka kira ta ko sai na rarrafa zuwa Leeds?"

Na ce zan kira ta. Na fita na kama aikina.

Ban kira ta ba. Ko in ce na kira ta, da yamma kamar kullum, na tambaye ta ko ta ci abinci, ko tana barci sosai. Ta ce, "Yaya Anti Hester?" Na ce tana nan yadda take, tana gaishe ki.

Ba zan ɓoye dalilina ba. Keeley ta taɓa barin karatu sau ɗaya, tana shekara goma sha tara, ta bi wasu samari uku cikin wata tsohuwar mota suna waƙa gari gari. Wata takwas ta yi. Ta dawo ta rame, da tari, da jaka ɗaya. Da ƙyar na lallashe ta ta sake shiga makaranta, kuma bara ta faɗi wannan jarrabawar, an ba ta dama ta ƙarshe. Na san 'yata. In ta zauna a gaban Hester ta buɗe baki, kwana huɗu zai koma wata huɗu. Duk lokacin da na kalli Hester cikin bargunanta, Keeley nake gani nan da shekara hamsin, ba ni kuma a bayan bango da za ta buga wa. Na ce wa kaina sati uku ba wani abu ba ne. Likita ai Yuli ya ce.

Kwana biyu bayan nan Hester ta tambaye ni.

"Na gaya mata," na ce. "Tana neman izini ne a makaranta."

"Izini," in ji ta. "A zamanina ta taga ake fita."

Kullum da misalin ƙarfe huɗu, ranakun da nake aikin safe na dawo da wuri, sai in ji ta ta bango tana rera waƙar. Daga farko take ɗaukowa har ƙarshe, tana tsayawa ta yi tari ta ci gaba. Kusan minti ashirin da biyar take ci. Na taɓa ce mata ta riƙa hutar da ƙirjinta, ta ce ɗumama waƙar take yi kada ta sandare kafin yarinyar ta iso. Sautin na ratsa bangon sarai, in da na kasa kunne da na ji kowace kalma. Ni kuwa ba na iya zama in ji. Sai in ƙara muryar talabijin, ko in fita bayan gida in yi ta goge takalmi.

A sati na uku na lura ta daina kai minti ashirin da biyar. Na ce gajiya ce.

Keeley ta gama jarrabawa ranar Alhamis. Da yammacin ranar na gaya mata. Washegari ta shigo jirgin ƙasa na ƙarfe goma, ko gidanmu ba ta shiga ba, ta wuce gidan Hester da jakarta a kafaɗa. Na bi bayanta.

"Ah, ga sarauniya," in ji Hester. Muryarta ta koma siririya, sai ka matso kake ji. "Sati uku, 'yar nan. Da ƙafa kika taho daga Leeds?"

"Wane sati uku, Anti? Jiya Baba ya gaya min."

Injin iskar da ke gefen gado na ta hucinsa. Keeley ta juyo ta kalle ni, ni kuma na kalli hoton Bamako.

"Neville," Hester ta ce, "jeka ka dafa mana shayi. Ka daɗe kana dafawa, kar ka yi sauri."

Daga kicin na ji sun fara. Keeley ta jawo kujera har gwiwarsu na taɓa juna. Hester ta rera baiti, Keeley ta maimaita, in ta yi kuskure Hester ta ɗan bugi hannunta da yatsa. Dinah Crowther ta Layin Coci, wadda ta bar tukunya a kan wuta. Phoebe Hirst da ta bar rigar aure ba a gama ɗinka hannu ɗaya ba. Wasu 'yan'uwa biyu da suka bar uba makaho. Na tsaya riƙe da buta ina saurare, karo na farko a rayuwata da na saurara da gaske.

A ƙarshen baiti na goma sha ɗaya numfashin Hester ya ƙare. Ba tari ba ne irin na da, numfashin ne kawai ya tafi. Leɓenta ya yi shuɗi. Keeley ta ƙara mata iska, ta tallafo bayanta, muka jira kusan rabin awa.

"Ba komai, Anti," Keeley ta ce. "Sha ɗayan sun zauna. In kin huta sai mu ɗauka daga na sha biyu."

Hester ta huta. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta sake buɗewa.

"Ba ya zuwa," ta ce.

"Ki faɗa kawai, ba sai kin rera ba."

"Ba haka take ba. Ban taɓa shigarta ta tsakiya ba. Na farko ke jawo na biyu, na biyu ya jawo na uku. Shekara saba'in haka nake yi. In ban tako matakalar daga ƙasa ba, ban san inda ƙafata take ba."

"To ni zan rera miki sha ɗayan, ke ki kama daga can."

Suka gwada. Keeley ta rera tun daga Dinah Crowther, muryarta ta cika ɗakin har tsirkiyoyin abin kiɗan nan suna amsawa su kaɗai. Hester ta rufe ido tana bin ta da leɓe. Aka zo wurin, Keeley ta yi amshi ta yi shiru, muka zuba wa tsohuwar ido.

"Akwai wadda ta bar jariri," in ji Hester a hankali. "Ko ita ce ta sha uku? A'a. Sai ya fito daga ƙirjina, 'yar nan. In wani ya rera, saurare nake yi kamar kowa."

Na ce ko a ba ta takarda, ko hannu zai tuna abin da baki ya kasa. Na ɗauka za ta zage ni. Sai ta miƙo hannu. Ta riƙe biro kusan minti goma a kan takardar, ba ta rubuta komai ba sai lamba goma sha biyu. Daga nan ta ce wa Keeley, "Kunna wayar taki. Kakata ta yi haƙuri, in na je can ma yi rigimar."

Washegari ta sake ɗaukowa daga farko, waya na ɗauka. Ta kai baiti na tara. Keeley ta ce ta riƙa rera su a gaggauce, a raɗa, don ta tara numfashi. Da raɗa ta kai na goma. Lahadi ta kai na bakwai. Nas ta ja ni gefe ta ce mu daina, muna ƙarasa ta ne. Na faɗa wa Hester, ta ce in nas ɗin tana da wani amfani da za a yi da ragowar huhun nan ta kawo shawara.

Keeley a gidan take kwana. Ba ta yi min faɗa ba. Da ta yi, da ya fi min sauƙi. In na kawo musu kifi da soyayyen dankali ta karɓa ta ce, "Na gode, Baba," kamar yadda fasinja ke ce min in zai sauka. Sau ɗaya kawai, muna wanke kwanuka, ta ce ba tare da ta kalle ni ba:

"Kana jin ta ta bango?"

"Ina ji."

"Har ƙarshe?"

"Sati biyun farko, har ƙarshe."

"Ka riƙe wani abu? Ko suna ɗaya?"

Na tsaya da faranti a hannu ina lalube cikin kaina. Ba komai sai amshi, da labaran wasanni da nake ƙara wa murya. Na ce a'a. Ta karɓi farantin ta goge.

Ran Litinin ta tafi ɗakin karatu na Halifax, aka fito mata da jaridar wancan lokacin. Jaridar ta faɗi sunan mai masaƙar, ta faɗi injinan da suka lalace, ta faɗi dawakai huɗu da suka mutu da sunayen biyu daga cikinsu. Matan kuwa cewa kawai ta yi ma'aikata goma sha bakwai. Littafin cocin da aka binne su ruwan ya tafi da shi a wata ambaliyar daga baya.

Ran Talata na je na ɗauko Arnold Sugden, wanda ke jagorantar da'irar Baƙin Rago tun kafin a haifi Keeley. Tsohon mai gyaran famfo ne, shekararsa tamanin da ɗaya. Ya shigo da hularsa a hannu.

"Hester, kin yi kyau."

"Kai kuma har yanzu maƙaryaci ne. Zauna, Arnold. Sau nawa ka ji ina rera matan masaƙa?"

"Kai, ya fi ɗari biyar."

"Me ke zuwa bayan ta sha ɗaya, Tabitha Lumb mai kaji?"

Arnold ya murza hularsa. Ya kalli rufi, ya yi guna-guni da karin waƙar, ya kai wurin ya tsaya.

"Akwai wata mai jan gashi," ya ce. "Ko baƙi. Akwai dai gashi a ciki."

"Shekara arba'in kana zaune kusa da ni, tsohon banza. Me kake yi da kunnenka?"

"Taki ce, Hester! Mutum ba ya sa waƙar wani a ransa, kin fi kowa sani. Ke ce kika kori yaron nan na Bradford da kika ga yana rubutu a bayan kwalin taba. Ni amshi nake jira, in kurɓi giyata kafin ya zo."

"Na kore shi," ta ce. "Da hannuna na yaga kwalin."

Arnold ya buga waya ga mutum shida na da'irar, duk waɗanda suka rage. Wata ta tuna akwai kare a wani baiti. Wani ya ce na ƙarshen yarinya ce 'yar shekara goma sha ɗaya, amma sunanta ya ɓace masa. Dukansu sun san amshi. Wasu ma sai da suka rera masa shi ta waya, yana riƙe da ita nesa da kunnensa, hawaye na bin gemunsa.

Daga Laraba Hester ba ta ƙara wuce baiti na uku ba. An fara ba ta maganin da ke sa barci. Na ɗauki hutu a wurin aiki. Ran Juma'a da hantsi Keeley ta fita karɓo magani, aka bar ni da ita. Ana yayyafi. Ta ce in buɗe taga tana son jin warin jiƙaƙƙen titi.

Na buɗe, na dawo na zauna. Na ce, "Hester, ban gaya mata ba. Ba wani izini da ta nema. Ni ne."

"Na sani tun ranar da ka ce izini. Kunnenka ja yake yi."

"Me ya sa ba ki kira ta da kanki ba?"

"'Yarka ce. Ba na shiga gidan mutum ta bayansa." Ta ja iska. "Ni ma na ɗauka ina da Yuli."

"Tsoro nake ji kada ta zama..." Na kasa ƙarasawa.

"Kamar ni. Faɗi mana." Ta ɗan motsa baki kamar za ta yi dariya. "Ba ka yi ƙarya ba, Neville. Ana jin sanyi a gidan nan. Amma mata shida ne. Shida. Uwayensu sun mutu, 'ya'yansu sun mutu, jikokinsu ba su san su ba. A bakina kaɗai suka rage."

Ba ta ce ta yafe ba. Ta ce in gyara mata matashi, na gyara.

Da Keeley ta dawo, Hester ta riƙe hannunta ta ce, "Mu sake gwadawa." Ta fara Dinah Crowther. Murya babu, leɓe ne kawai da ɗan iska. Keeley ta sunkuya har kunnenta na taɓa bakinta. Ta gama baiti na farko, ta shiga na biyu, ta tsaya a tsakiyar layi kamar mai neman kalma. Muka jira. Injin iska ya ci gaba da huci shi kaɗai. Wata bas ta wuce a titi, na san direban, na san ma ya makara da minti huɗu. Keeley ta duba wuyanta da yatsu biyu kamar yadda aka koya mata, ta kalli agogo, ta miƙa hannu ta kashe injin.

Mutum ashirin da uku ne suka zo coci jana'izarta. Wata jarida ta London ta rubuta layi takwas a kanta, ta yi kuskure a shekarar haihuwarta. Wani mutum daga Bamako ya aiko da saƙo cikin Faransanci, ba wanda ya iya karantawa sai matar fasto.

Lahadin da ta biyo baya aka taru a ɗakin sama na Baƙin Rago. Ban saba zuwa ba, amma na je, na zauna a bayan da'irar kusa da ƙofa. Aka bi layi kowa ya yi tasa. Da aka zo kan kujerar Hester, Arnold ya ajiye kofinsa ya ce, "Ta ba ki da bakinta, muna da shaida. Taki ce yanzu, Keeley."

Keeley ta miƙe, hannuwanta a aljihun riga. Ta rera goma sha ɗayan ba kuskure ko ɗaya, tsofaffin na amsa mata. Bayan Tabitha Lumb mai kaji, aka yi amshi, ta yi shiru. Ba ta zauna ba. Ta tsaya tana kallon katakon ƙasa, ƙafarta na buga lokaci a hankali, daidai tsawon baiti ɗaya. Arnold ne ya fara ganewa. Da lokacin ya cika ya ɗaga murya, saura suka bi shi: ku kira sunanta, ku kira ta gida. Aka sake yin shiru. Ana jin ƙarar kofuna daga ƙasa, da wasan ƙwallo a talabijin ɗin mashaya. Sau shida aka yi haka. A na huɗu wata tsohuwa ta tashi ta fita. Ni ban iya buɗe baki ba ko sau ɗaya.

Sakamakon jarrabawa ya fito ran Talata. Keeley ta ci, har an ba ta aiki a wani asibiti a Leeds, za ta fara farkon wata. Ta nuna min a waya muna karin kumallo. Na ce na ji daɗi, na ce da uwarta na raye, da ta yi alfahari da ita.

"Abin da kake so ke nan, Baba," ta ce. Ba da gatse ta faɗa ba. Ta ci gaba da shafa man shanu a burodi.

"Za ki riƙa zuwa ranar Lahadi? Arnold ya ce kujerar taki ce."

"Ana aiki ranar Lahadi. Kuma me zan rera musu? Rabin abu?"

"Ya fi rabi."

"Ya fi rabi," ta ce.

Na raka ta tasha da jakunkuna biyu. Ta rungume ni a gurguje, ta ce in riƙa cin abin da ba soyayye ba. Ta shiga ta zauna a gefen taga. Jirgin ya ɗan jima bai tashi ba, na tsaya a dandamali da hulata a hannu ina jiran ta ɗago in ɗaga mata hannu. Ba ta ɗago ba. Leɓenta na motsi, tana lanƙwasa yatsunta ɗaya bayan ɗaya a kan cinyarta. Ta gama hannun dama, ta gama na hagu, ta buɗe su duka ta lanƙwasa ɗaya. Sai ta tsaya tana kallon yatsan da ke biye. Haka take har jirgin ya ja, taragon ya wuce ni.